Yadda A Ke Sa Horarren Inji Cikin Wayar Hannu

Ko wane ɗayanmu a wannan kwaleji ya san cin jarrabawa dabam, iya koyarwa dabam. Mutum ya kan shekara uku yana karatu, ya ci takardarsa da maki mai kyau, amma sai ran da aka tura shi wata makarantar ƙauye wajen Mariga ko Rijau, ya tarar littattafai ba su isa ba, yara sittin kuwa sun zuba masa ido, sa'an nan za a san abin da ke cikin kansa. To, irin wannan ya kan sami injunan nan na zamani da a ke kira masu ƙirƙirarriyar basira. Su ma a kan hore su a wuri mai wadata, su ci jarrabawa, daga baya a tura su aiki cikin wayar hannu, inda wuri ƙanƙane ne, ƙarfi kuma kaɗan. Nufina a nan shi ne in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai yadda a ke wannan aiki, da dalilin da ya sa bai kamata a amince da makin da inji ya ci a ɗaki ba sai an gan shi a bakin aiki. Zan yi misali da gona, gama da wuya a sami wani a cikinmu wanda ba a noman masara a gidansu.

Tsutsar Masara Da Nuru

A farkon shekarar 2016 masana suka ga wata baƙuwar tsutsa cikin gonakin masara na kudu maso yammacin Nijeriya. Asalinta daga nahiyar Amurka ne. Kafin shekara biyu ta gama yawancin ƙasashen Afirka. Uwarta wani ƙwaro ne mai fiffike, mai tashi da dare, ya kan zuba ƙwai a kan ganye. In tsutsar ta ƙyanƙyashe sai ta shige tsakiyar masara, inda sabon ganye ya ke fitowa, ta yi ta ci, ta bar ganyen da huji-huji, da kashinta kamar dusa. Wanda ya gane ta da wuri yana iya ceton gonarsa. Wanda ya makara kuwa, ta riga ta girma ta ɓuya inda magani ba ya kai mata da sauƙi.

Malaman gona ba su da yawan da za su zaga ko wace gona. Saboda haka cikin shekarar 2018 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau FAO, da Jami'ar Penn State ta Amurka suka fito da wata manhaja ta wayar hannu mai suna Nuru. Sunan ba baƙo ba ne a kunnenmu, ma'anarsa haske. Manomi ya kan ɗora kyamarar waya a kan ganye, wayar ta gaya masa ko ɓarnar wannan tsutsa ce. Tun kafin wannan an koya wa Nuru cututtukan rogo, tare da masanan cibiyar binciken aikin gona ta IITA, wadda hedkwatarta ke Ibadan. Babban abin lura shi ne, tana wannan aiki ko da babu sabis. To, ina ilmin ya ke zaune, yaya kuma aka yi ya shiga waya?

Horarwa

Abin da ke gane ganyen ba shi da ƙarfe ko ƙusa. Lissafi ne zalla, wanda aka jera hawa-hawa. Bari mu kira shi ƙwaƙwalwa, don sauƙin magana. Hoto ya kan shiga hawa na fari, wanda ke lura da layuka da launi. Hawa na gaba ya haɗa waɗannan ya ga huji ko tabo. Haka har a kai hawa na ƙarshe, wanda ke faɗin sunan abin da aka gani. Yawan hawan nan ne ya sa a ke kiran wannan fanni koyo mai zurfi.

Tsakanin hawa da hawa akwai lambobi masu ɗimbin yawa, su ne ke nuna abin da za a ba muhimmanci da abin da za a ƙyale. Da fari lambobin nan barkatai su ke, ƙwaƙwalwar ba ta san kome ba. Sai a nuna mata hoton ganye wanda masani ya riga ya rubuta sunan cutarsa. Ta yi cinke, a gwada amsarta da ta masanin, a ɗan gyara lambobin yadda kuskuren zai ragu. A sake nuna wani, a sake gyarawa, sau dubbai. Wannan shi ne horarwa, yana kuwa bukatar manyan kwamfutoci da wutar lantarki mai yawa. In an gama, abin da ya rage shi ne tsarin hawan da jerin lambobin. Dukan ilmin yana cikinsu.

Ba kullum a ke farawa daga tushe ba. Cikin 2017, sa'ad da Amanda Ramcharan da abokan aikinta suka so koya wa inji cututtukan rogo, hotuna 2,756 suka ɗauka a ƙasar Tanzaniya. Suka ɗauko ƙwaƙwalwar da aka riga aka hore da hotuna fiye da miliyan 1 na abubuwa iri 1,000, suka ƙara mata darasin rogo a kai. Kamar yaron da ya riga ya iya karatu ne, ba sai an koma masa kan baƙi da wasali ba.

Hanya Biyu

In an gama horarwa, hanya biyu ce a gaban mai aikin. Ta fari, a bar ƙwaƙwalwar cikin babbar kwamfuta a wani birni, waya ta riƙa aika hoto ta intanet, amsa ta komo. Wannan ya fi sauƙi ga mai yin manhaja. Amma ku tuna da gonakin da ke nesa da titi a ƙasar Kontagora. Sau nawa mutum ya kan hau tudu yana ɗaga waya sama kafin ya sami sabis? Ga kuma kuɗin data a kan ko wane hoto. Likitan da ba ya zuwa sai an aika masa, hanyar aikawa kuwa a yanke ta ke, bai amfani mara lafiya ba.

Ta biyu, a ɗauko ƙwaƙwalwar ɗungum a zuba ta cikin wayar. Ba a bukatar sabis, amsa ta kan fito nan take, hoton kuma ba dole ya bar hannun mai shi ba. Ita Nuru ta bi. Wahalarta ɗaya ce: kaya sun fi ƙarfin jaki. Rumbun waya ƙarami ne, injinta bai kai na kwamfuta ba, batir kuma yana ƙarewa, caji a ƙauye kuwa da kuɗi a ke yi. Tilas a rage kaya.

Rage Kaya

Bari mu yi ɗan lissafi. Cikin 2014 masanan Jami'ar Oxford ta Ingila suka yi wata ƙwaƙwalwa mai gane hotuna, sunanta VGG16. Tana da lambobi miliyan 138. Ko wace lamba tana cin wuri huɗu a rumbu, watau bait 4. In ka ninka, za ka ga ta haura megabait 500. Ba manomin da zai sayi datar sauko da wannan, ko ya sauko da ita ma wayarsa za ta yi ta nishi. Masana suna da dabaru huɗu na rage wannan nauyi.

Dabara ta fari ita ce a gina ƙarama tun daga tushe. Cikin 2017 ma'aikatan kamfanin Google suka fito da wadda suka kira MobileNet, don waya musamman. Lambobinta miliyan 4.2 ne kawai, wajen megabait 17 ke nan. Da aka yi musu jarrabawa ɗaya, VGG16 ta ci kashi 71.5 cikin 100, MobileNet ta ci 70.6. Ku duba: an rage kaya fiye da sau 30, makin da aka rasa bai cika 1 ba.

Ta biyu ita ce rage tsawon lambobi. Mun saba da wannan a darasin lissafi, inda mu kan ce wa yara su mai da 0.7341 ta zama 0.73. Mai sayar da dawa a kasuwa ma ba ya ƙidaya ƙwaya, da mudu ya ke awo, ciniki kuwa yana tafiya daidai. Haka a ke yi wa ƙwaƙwalwa. Maimakon ko wace lamba ta ci bait 4, sai a sa ta ci 1, ta zama ɗaya daga cikin matakai 256. Nauyi ya koma kashi ɗaya cikin huɗu: megabait 17 ya koma wajen 4, kamar waƙa guda a waya. Lissafin kuma ya fi sauri, batir ya fi daɗewa.

Ta uku ita ce datse rassa. In an bincika horarriyar ƙwaƙwalwa a kan tarar lambobi da yawa sun yi kusa da sifiri, ba su ƙara kome ga amsa. Sai a cire su, a ɗan sake horar da sauran su cike gurbin, kamar yadda a ke datse busassun rassan mangwaro.

Ta huɗu za ta fi ba mu sha'awa, gama masana da kansu suna kiranta malami da ɗalibi. Geoffrey Hinton da abokansa biyu suka bayyana ta sosai cikin 2015. A kan sa babbar ƙwaƙwalwa ta koyar da ƙarama. Abin da ɗalibar ke koya ba amsa kaɗai ba ce, har da yadda malamar ke auna shakkarta. Misali, malamar ta duba ganye ta ce: kashi 80 tsutsar nan ce, kashi 15 tsutsar kara, kashi 5 lafiya lau. Daga nan ɗalibar ta gane waɗanne abubuwa ne masu kama da juna, abin da amsa ɗaya ƙwal ba za ta koya mata ba. Mu ma mun san malamin da ke nuna wa yaro dalilin amsa ya fi wanda ke sa shi hadda.

Ko wace dabara aka bi, ƙa'ida ɗaya ce: bayan an rage kaya a sake jarrabawa. Wani lokaci jimlar maki ba ta sauka ba, amma cuta guda, wadda hotunanta ba su da yawa tun farko, ta ɓace wa ƙwaƙwalwar sarai.

Shiga Waya

Yanzu kaya sun yi daidai da jaki, saura ɗauri. Sigar da a ke ajiye ƙwaƙwalwa a babbar kwamfuta ba ita waya ke karantawa ba, sai an juya ta. Cikin 2017 Google suka fitar da kayan aikin wannan juyi, mai suna TensorFlow Lite, wanda suka sake wa suna LiteRT cikin 2024. Waɗansu kamfanoni ma suna da irin nasu. Abin da ke fitowa fayil ne guda. A kan sa shi cikin manhaja, tare da wani ɗan injin lissafi mai karanta shi, da jerin sunayen cututtuka.

Sauran manhajar kamar ɗan aike ne tsakanin manomi da ƙwaƙwalwa. Ita ke buɗe kyamara. Ita ke rage hoton ya koma girman da ƙwaƙwalwar ta saba da shi. MobileNet, alal misali, ta saba da ɗigo 224 a tsaye, 224 a kwance. Ita ke mai da launin ko wane ɗigo lamba. A nan a kan yi tuntuɓe da yawa. In a wurin horarwa an auna launi daga 0 zuwa 1, a waya kuwa aka ba ta daga 0 zuwa 255, ƙwaƙwalwar ba za ta yi ƙara ba, ba za ta tsaya ba, sai ta yi ta ba da amsar banza da ƙarfin zuciya. Haka kuma in jerin sunaye ya goce da layi ɗaya, sai a kira lafiyayyen ganye mai cuta.

Akwai wani hali na yawancin ƙwaƙwalen nan da ya wajaba mu sani. Wadda aka koya wa sunaye biyar, cikin biyar ɗin nan za ta zaɓa, ko me aka nuna mata. Ka nuna mata ganyen da rashin taki ya sa ya yi rawaya, in ba a koya mata wannan ba, sai ta liƙa masa sunan wata cuta. Don haka mai yin manhaja nagari ya kan sa iyaka: in tabbacin bai kai kaza ba, wayar ta ce a sake ɗaukar hoto, ko a nemi malamin gona. Inji mai iya cewa bai gane ba ya fi mai amsa kome.

Sa'an nan ga harshe. Amsar da aka rubuta da Turanci ba ta isa ga dattijon da ba ya karanta boko ba. A ƙasarmu akwai mai jin Hausa, akwai mai jin Kambarci, da Dukanci, da Fulatanci. In wayar ba ta yi magana da murya ko da hoto yadda zai fahimta ba, dukan lissafin da aka yi ya tashi a banza. Gwaji kuma a yi shi a kan wayoyin da mutane ke riƙewa, irin su Tecno da itel, masu tsagaggen gilashi da cikakken rumbu, ba a kan tsadaddiyar wayar mai yin manhaja kaɗai ba.

Sai An Gwada

Ga inda maganar ta fi nauyi. Cikin 2016 masana uku, Sharada Mohanty da David Hughes da Marcel Salathé, suka hori wata ƙwaƙwalwa da hotuna 54,306 na ganyen amfanin gona iri 14 da cututtuka 26. A jarrabawar ɗaki ta ci kashi 99.35 cikin 100. Da suka kawo mata hotunan da waɗansu suka ɗauka a wurare dabam, sai ta faɗo wajen kashi 31. Su da kansu suka bayyana wannan, abin yabo ne kuwa.

Mene ne dalili? Hotunan horarwa ganye ɗai-ɗai ne, an tsinko, an shimfiɗa a wuri mai tsabta. A gona kuwa akwai rana mai ƙyalli, da inuwa, da ƙura, da raɓa, da ciyawa a baya, da iska mai kaɗa ganye, da hannun da ke rawa. Ƙwaƙwalwa ba ta san ganye yadda manomi ya san shi ba. Abin da ta saba gani kaɗai ta sani. Ɗalibi ne wanda ya haddace tambayoyin bara.

Masu Nuru sun koyi wannan darasi, suka riƙa ɗaukar hotuna cikin gona, suka kuma auna ta a can. A wani gwaji na cututtukan rogo a gabashin Afirka, wanda aka buga sakamakonsa cikin 2020, Nuru ta gane daidai kashi 65 cikin 100. Malaman gona sun sami tsakanin 40 da 58, manoma tsakanin 18 da 31. Da aka sa ta duba ganye 6 a ko wane tushe maimakon ɗaya, makinta ya hau tsakanin 74 da 88. Abu biyu za mu ɗauka a nan. Na ɗaya, wayar ta taimaka ƙwarai, tun da ta fi idon da ba a hora ba nesa. Na biyu, 65 ba 100 ba ne: a ganye ɗaya, cikin amsa uku wajen ɗaya kuskure ce. Yadda a ke amfani da ita yana da muhimmanci kamar ita kanta. Ga masara ma haka FAO ta tsara: mutum ya zaga gona, ya tsaya wuri 5, ya duba tushe 10 a ko wane wuri, kafin ya yanke shawara.

Kuskure a nan ba jan biro ba ne a takarda. In waya ta ce akwai tsutsa alhali babu, manomi ya ci bashi ya sayi maganin feshi, ya shaƙi guba a banza. In ta ce lafiya alhali tsutsa na ciki, ya koma gida ya kwanta, sati biyu ya tarar aikin gama ya gama. Abincin gida na shekara ke nan, da kuɗin makarantar yara.

Shi ya sa aikin ba ya ƙarewa ran da aka sa ƙwaƙwalwa cikin waya. Kamar yadda sufeton makarantu ke zagawa ya ga aikin sabon malami, haka masu manhaja su kan tattara hotunan da aka yi kuskure a kansu, da yardar masu su, masani ya gyara sunayen, a sake horarwa, a sake rage kaya, a aika sabon fayil. Ran da manomi ya shigo gari cin kasuwa ya sami sabis, sai wayarsa ta sauko da shi.

Abin Da Ya Shafe Mu

Yawancinmu ba za mu zama masu yin manhaja ba. Amma a ƙauyen da za a tura mu, malamin makaranta shi a kan kawo wa wasiƙa ya karanta, shi kuma za a kawo wa waya a ce, "Malam, duba mana abin da ta ce." Don haka in an kawo muku irin wannan manhaja, ko ta gona ce, ko ta lafiya, ko ta koyar da yara karatu, ku yi mata tambaya uku. A ina aka samo hotuna ko muryoyin da aka hore ta da su, a ƙasa irin tamu ne? Makin da a ke yabonta da shi, na ɗaki ne ko na bakin aiki? In ba ta gane ba, tana faɗi?

Akwai kuma abin da za mu iya yi da hannunmu. Ƙwaƙwalwar da ta ga rogon Tanzaniya ba lalle ta san dawar Kontagora ko gyaɗar Mashegu ba. Hotunan gonakinmu, a hasken ranarmu, waɗanda malamin gona ya duba ya rubuta sunan abin da ke cikinsu daidai, su ne littafin da za a koyar da inji da shi. Ɗaliban sashen aikin gona da na kwamfuta suna iya haɗa kai a kan wannan tun daga gonar kwaleji: a ɗauki hoto da safe, da tsakar rana, da yamma, a rubuta kwanan wata da irin shukar, a adana. Aiki ne na haƙuri, ba ya bukatar kome sai waya da littafin rubutu.

Kafin nan, wanda ya sami manhajar a wayarsa ya kai ta gonar gidansu a wannan damina, ya duba tushe da yawa, ya gwada amsarta da ta dattijon da ya shekara arba'in yana noma. Inda suka saɓa, a rubuta, a kai wa malamin gona. Allah ya ba mu damina mai albarka.